Nana Asma'u da Gadon Mahaifinta

Sa'ad da mutum ya rasu, alƙali ko malamin unguwa yakan zauna ya raba abin da ya bari, gona da gida da dabbobi da tufafi, kowane magaji ya ɗauki rabonsa yadda shari'a ta tsara. Amma akwai wani gado wanda ba ya shiga lissafin masu rabo, watau halin mamaci da ilminsa da aikin da ya sa gaba bai ƙarasa ba. Shi wannan ba a miƙa wa kowa shi, sai wanda ya sa hannu ya ɗauka da kansa. Cikin mutanen ƙasar nan da wuya a sami wanda ya ɗauki irin wannan gado da ƙarfi kamar Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansu. Abin da za a duba a nan shi ne waƙoƙinta, a ga abin da ta yi da gadon mahaifinta, da inda ta yi fice, da kuma inda mai karatu zai so a ce ta ƙara wani abu.

An haifi Asma'u a Degel cikin 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Tana da kamar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin 1804, saboda haka yunwa da ƙaura da tsoron yaƙi ba labari aka ba ta ba, da idonta ta gani. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin 1817, tana da shekara ashirin da huɗu. Ita kuwa ta rayu har 1864, watau ta yi shekara arba'in da bakwai bayansa, kuma cikin waɗannan shekaru ne ta yi rubuce-rubucenta, guda sittin ko kusa da haka, da Larabci da Fillanci da Hausa. Na farkon da aka sani, Tanbihul Gafilina, ta rubuta shi da Larabci cikin 1820, shekara uku da rasuwar Shehu. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa alƙalaminta ya fara tafiya ne sa'ad da na mahaifinta ya tsaya.

To, mene ne aikin da Shehu ya bari bai ƙarasa ba? Mulki dai ya sami magada, ga Bello a Sakkwato, ga Abdullahi a Gwandu. Littattafai kuwa ga malamai suna karantar da su. Amma akwai wata magana da Shehu ya daɗe yana yi, ita ce ta ilmin mata. Cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da suke karantar da almajirai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin alwala da salla ba. Tun yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara wani malami, Mustafa Gwani, ya soke shi a kan barin mata suna halartar majalisinsa, har Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, cewa barin su cikin jahilci ya fi wannan muni. Bayan jihadi abin ya ƙara nauyi, domin ƙasa ta cika da matan ƙauye da waɗanda yaƙi ya kawo, yawancinsu Hausa kaɗai suke ji, waɗansu kuwa ba su san wata mafaka ba in ciwo ko baƙin ciki ya zo sai bori. Littafin Larabci ba shi da hanyar da zai kai ga irin waɗannan. Nan ne Asma'u ta ga rabonta cikin gado.

Waƙar da ta fi nuna haka ita ce Tabbat Haƙiƙa. Asalinta ta Shehu ce, da Fillanci ya yi ta, Asma'u ta juya ta da Hausa cikin 1831, daga baya ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara layuka a kan kowane baiti ya mai da shi mai layi biyar. Waƙa ce ta gargaɗi. Tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, mai mulkin da yake cin dukiyar talakawa, da alƙalin da yake karɓar hanci ya karkatar da hukunci, da mai tauye mudu a kasuwa, da mai kama ɗa ya mai da shi bawa, tana faɗa wa kowannensu abin da zai tarar gobe kiyama. Kowane baiti kuwa yana ƙarewa da kalmomin nan da suka zama sunan waƙar, kamar maƙeri yana maimaita bugu a wuri ɗaya har ƙarfe ya lanƙwasa.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gaskiya ne, amma mai ita ya riga ya tafi, harshen da ya yi ta da shi kuwa mafi yawan talakawa ba sa ji. Da Asma'u ta so, da ta naɗe takardar ta ajiye cikin gafaka, kowa ya ce ta girmama uba. Sai mai karatu ya tuna da matsayinta a wannan lokaci. Yayanta ne Sarkin Musulmi, mijinta ne Waziri, hakimai da alƙalai kuwa da yawansu dangi ne ko almajiran gidansu. Duk da haka ta ɗauki gargaɗin da mahaifinta ya yi wa masu mulki, ta zuba shi cikin harshen da talaka yake ji, har mace tana daka tana rera abin da zai sami azzalumin sarki. Ta ba wa waɗanda ake mulka ma'aunin da za su auna masu mulkinsu, ma'aunin kuwa na Shehu ne, ba mai iya cewa ba a yarda da shi ba. Wannan shi ne mafi girman abin da ke cikin waƙar, kuma ba ya ganuwa sai an san wanda ya fassara ta da lokacin da aka fassara.

Ba za a fahimci ginin waƙoƙinta ba sai an san waɗanda aka yi su dominsu. Asma'u ta kafa abin da ake kira 'Yan Taru. Takan zaɓi mace dattijuwa mai hankali daga wani gari ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa da jan ƙyalle na naɗawa, alamar an amince mata. Ita jaji takan jagoranci ayarin mata, tsofaffi da 'yan mata waɗanda hidimar gida ba ta ɗaure su ba, su zo da ƙafa wurin Asma'u, su koyi waƙoƙi, su koma su koya wa na gida. Ƙauyen da ba takarda ba tawada, ƙwaƙwalwa ita ce littafi. Don haka ta yi baitoci gajeru, da amsa-amo mai sauƙin kamawa, da maimaici. Ta tara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin 'yar gajeruwar waƙa. Cikin Godaben Gaskiya ta jera farillai da abin da ke jiran mai biyayya da mai saɓo. Cikin Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta ambaci matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da waliyyai mata na ƙasashen gabas irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta zo da matan jama'ar Shehu ta sa su cikin sahu ɗaya, don macen ƙauye ta san hanyar nan mata irinta sun bi ta. Wanda ya karanta waɗannan a takarda shi kaɗai, yana iya cewa maimaicin ya yi yawa. Amma ba don ido aka yi su ba, don kunne aka yi su, kuma wanda ya ga laifin turmi don ba a iya ɗebo ruwa da shi bai san aikin turmi ba.

Akwai kuma Waƙar Gewaye, wadda ta ba da labarin Shehu da jama'arsa. Da Fillanci Asma'u ta yi ta cikin 1839, Isa ya juya ta da Hausa cikin 1865, bayan rasuwarta, saboda haka tsarin nata ne, kalmomin Hausar kuwa nasa. Shi Isa, wanda aka fi sani da Isan Kware, autan Shehu ne, an haife shi a shekarar da Shehu ya rasu, bai san mahaifinsa ba sai ta bakin manyansa. Ke nan waƙar da 'ya ta yi don kada a manta da uba, ɗan da bai taɓa zama gabansa ba shi ya isar da ita ga Hausawa. Waƙar tana bin sawun jama'a zango zango, daga Degel zuwa Gudu, da nasarar Tafkin Kwatto, da wahalar da ta biyo baya, da faɗuwar Alƙalawa cikin 1808, da zaman Sifawa, har zuwa Sakkwato. An tsara ta ne ta yadda mai sauraro zai riƙa tuna tarihin Annabi, ga tsanantawa, ga hijira, ga ƴan kaɗan sun rinjayi masu yawa kamar ranar Badar. Abin da take koya wa mai sauraro shi ne wahalar da iyaye suka sha ba a banza aka sha ta ba, tana da ma'ana a wurin Allah, kuma ta bar wa na baya nauyi.

A nan ne kuma mai duba waƙa da adalci zai faɗi abin da ya rage. Na ɗaya, Waƙar Gewaye idon gida ɗaya ce. Gobirawa da sauran waɗanda aka yaƙa ba su da murya a cikinta, sai sunan maƙiya, alhali su ma sun binne 'ya'yansu, kuma cikin matan da aka koya wa waƙar akwai waɗanda iyayensu suna wancan ɓangare. Wanda yake neman tarihi cikakke sai ya haɗa ta da waɗansu labarai. Na biyu, Shehun da ke cikin waƙoƙinta jagora ne kuma waliyyi, amma da wuya a hango shi a matsayin uba a tsakar gida. Ita ce ta san yadda yake magana da iyalinsa da yadda yake koya wa yaro harafi, mai karatu kuwa yakan yi kwaɗayin ta buɗe wannan ƙofa ko kaɗan. Kunya da al'adar malaman zamaninta suka sa ta bar ta a rufe. Na uku, Hausar waƙoƙin cike take da kalmomin Larabci, har wani baiti ba ya fahimtuwa sai da mai fassara. A zamaninta jaji ce take wannan aiki, mai karanta su shi kaɗai kuwa sai ya nemi malami.

Inda zuciyarta ta fi fitowa fili shi ne waƙoƙin makoki. Ta yi wa Abdullahi, ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a Wurno cikin 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo. Abin lura shi ne abin da take yabo. Ko a kan Bello, wanda ya jagoranci yaƙe-yaƙe masu yawa, ta fi tsayawa a kan ilminsa da adalcinsa da taimakon mabukata. Kuma ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima waƙa da Hausa, ta yabe ta da kirki da riƙon zumunci, ta kuma yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, ta ambaci wahalar da take sha wajen kawo mata karatu. Ma'aunin da ta auna Sarkin Musulmi da shi, da shi ta auna maƙwabciya. Wannan ma koyarwar Shehu ce, cewa tsoron Allah shi ne daraja, amma Asma'u ta nuna ta a aikace ta hanyar zaɓen waɗanda ta yi wa kuka.

Waɗansu za su ce, ai mafi yawan abin da ta rubuta ba nata ba ne, fassara ce ko taƙaitawa daga Shehu da Bello da malaman da. Ita kanta ba ta ɓoye wannan ba, takan faɗi inda ta samo. Amma a zamaninta ba a auna malami da sabon abin da ya ƙaga, ana auna shi da amanar da ya isar. Kuma isarwa ba ƙaramar gwaninta ba ce. Zaɓen abin da ya kamata a fara koyarwa, da sanin harshen da zai shiga kunnen wane, da mai da shafi goma na Larabci baiti biyar da tsohuwa za ta riƙe, duk aikinta ne ita kaɗai. Ruwan rijiyar na mahaifinta ne, amma ita ta saƙa igiya ta ɗinka guga.

Hadisi ya nuna cewa in mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai ta hanya uku, sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfani da shi, da ɗa na kirki mai yi masa addu'a. Asma'u ta zame wa mahaifinta hanya ta uku, sa'an nan ta buɗe masa ta biyu zuwa gidajen da shi bai shiga ba. Da ta rasu aka binne ta a Hubbare kusa da shi, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Cikin 1997 Jean Boyd, wata Baturiya da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ita da Beverly Mack ta ƙasar Amurka, suka tara ayyukanta cikin littafi ɗaya tare da fassarar Turanci, har mutanen nesa suka san ta.

Ba kowa ne ɗan Shehu ba, amma da wuya a sami wanda iyayensa ba su bar masa kome ba, ko da gaskiya ce a ciniki, ko tashin asuba, ko sulhunta maƙwabta, ko burin karatu wanda su ba su samu ba. Wanda ya koyi karatu da girmansa ya san daɗin abin da aka daɗe ana nema, ya kuma san a gidansa ko a maƙwabta akwai wadda har yanzu ba ta iya ba. Asma'u ba ta tsaya ga kuka da ziyarar kabari ba, ko da yake ta yi duka biyu. Ta duba abin da mahaifinta ya fi damuwa da shi, ta ga inda bai kai ba, ta ɗauka daga nan. Allah ya ji ƙanta, ya ji ƙan iyayen kowa, ya ba na baya ikon ƙarasa alherin da na gaba suka fara, amin.