Masu Tare Annobar Mura Tun Daga Akurki

A watan Mayun 1997 wani yaro ɗan shekara uku ya rasu a asibiti a Hong Kong, bayan zazzaɓi da tari da ciwon maƙogwaro. Kafin rasuwarsa likitoci sun ɗebi ruwan maƙogwaronsa sun aika ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta na gwamnati, kamar yadda aka saba. Gwaji ya nuna mura ce. Amma da aka jarraba ta da ma'aunan murar da ke yawo a tsakanin mutane, babu wanda ya gane ta. Da wani ma'aikacin ne, da ya rubuta "mura" a takarda ya kama aikin gabansa, tunda yaron ya riga mu gidan gaskiya, ga kuma samfura jibge suna jira. Shugabar ɗakin, Dakta Wilina Lim, sai ta rarraba samfurin ta aika Landan da Atlanta da ƙasar Holan. A watan Agusta amsa ta dawo: H5N1 ce, murar tsuntsaye, wadda ba a taɓa samu a jikin ɗan Adam ba kafin wannan yaro.

Irin wannan taurin kan nake girmamawa. A ganina, duk shirin da gwamnatoci ke yi wa annobar mura yana tsaye ne a kan mutanen da ba sa barin abin da ba su gane ba ya wuce ta gabansu.

Bari mu leƙa teburin aikinsu. Ma'aikaci yana da wani faranti na roba mai ƙananan ramuka a jere. Yana ɗiga ƙwayar murar a ciki, ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, sau da yawa na talo-talo. Ɗabi'ar ƙwayar mura ce ta manne wa jajayen ƙwayoyin jini ta sarƙe su da juna, sai ramin ya zama ja-ja-ja a baje. Idan kuwa aka fara gauraya ta da ruwan jinin dabbar da ta taɓa kamuwa da irin wannan murar, garkuwar da ke cikin ruwan jinin za ta riƙe ƙwayar, jajayen ƙwayoyin su gangara ƙasan rami su taru su zama ɗigo guda. Ɗigo na nufin an san wannan baƙuwar. Jan da ya baje na nufin garkuwar ba ta san ta ba. Dabbar da ake ɗibar wa ruwan jinin wata 'yar aba ce mai doguwar jiki, dangin su tunku a siffa, wadda ke kamuwa da murar mutane har ta yi atishawa. Da ita aka fara kama ƙwayar murar mutane a Landan a 1933. Yau akwai gwajin PCR da na'urorin da ke karanta gadon ƙwayar harafi bayan harafi, amma har yanzu ba a ajiye wannan faranti ba, domin shi ke amsa tambayar da ta fi muhimmanci, wato ko jikin mutane zai gane wannan ƙwayar in ta zo.

Me ya sa mura, wadda muke sha wa shayi da citta mu kwanta, take buƙatar wannan gadi? Gadon ƙwayarta a gutsure takwas yake. Kowace shekara tana ɗan sauya kamanni, shi ya sa wanda ya yi ta bara yake sake yin ta bana. Wannan da sauƙi. Babbar matsalar ita ce ranar da murar tsuntsu da ta mutum suka haɗu a jiki ɗaya, na alade ko na mutum, suka yi musayar gutsattsari. Abin da zai fito sabuwar ƙwaya ce mai iya bin numfashin mutane, alhali babu mai garkuwarta. Haka ta faru a 1957 da 1968. Ta 1918 kuwa an ƙiyasta ta kashe mutum kusan miliyan 50 a duniya. Ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumbar shekarar, ta bi layin dogo zuwa Arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta ci rayuka kimanin 500,000 a Najeriya.

Mu koma Hong Kong. Bayan yaron an yi shiru na wasu watanni, sai a Nuwamba da Disamba masu cutar suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, har suka kai 18 idan aka haɗa da yaron, shida daga ciki suka rasu. Mutum ɗaya ke nan cikin kowane uku. Masu bincike suka bazu gidaje da makarantu suna tambaya: ina ka je, me ka taɓa, wa ya yi jinyarka? Suka ɗebi jinin 'yan uwa da na ma'aikatan asibiti. Wasu suka shiga kasuwannin kaji suna gwaji, suka tarar kusan kaza ɗaya cikin biyar tana ɗauke da ƙwayar. Hoton ya fito: daga kaji take tsallakowa, ba ta riga ta ƙware wajen bin mutum zuwa mutum ba. Ga kuma lokacin murar mutane ta shekara-shekara ya ƙarato, lokacin da ƙwayoyin biyu za su iya gamuwa.

A nan ne aikin ya tashi daga hannun masu gwaji ya koma na masu yanke hukunci. Daraktar lafiya ta lokacin, Dakta Margaret Chan, da takwarorinta na ma'aikatar gona suka ba da umarni a kashe duk kajin da ke Hong Kong. An fara ranar 29 ga Disamba, aka hallaka tsuntsaye kusan miliyan ɗaya da rabi cikin 'yan kwanaki, aka wanke kasuwanni, aka dakatar da shigo da kaji daga sauran ƙasar Sin, aka biya masu kaji diyya. Aikin bai tafi sumul ba. An sa ma'aikatan da ba su taɓa yanka kaza ba, an bar buhunan mushe a wasu wurare, jaridu sun yi ca a kan gwamnati. Amma daga ranar da aka share kasuwannin ba a ƙara samun mai cutar ba a wannan ɓarkewar. Babu wanda zai iya rantsuwa cewa da an bar kajin da annoba ta game duniya. Wahalar sana'ar ke nan: kana yanke hukunci mai tsada da rabin hujja, in kuma ka yi daidai, ladanka shi ne babu abin da ya faru.

Dakta Lim ta san inda za ta aika samfurinta ne saboda an gina hanyar tun shekaru 45 kafin rasuwar yaron. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa haɗakar ɗakunan gwajin mura, wadda yanzu ta game ƙasashe fiye da 120. Kowace ƙasa tana zaɓen wasu asibitoci inda ake goge hanci ko maƙogwaron masu zazzaɓi da tari da ɗan tsinke mai auduga, a sa a kwalba, a kai cikin sanyi. Waɗanda suka fita daban a tura su manyan cibiyoyi a Ingila da Amurka da Japan da Sin da Ostireliya. Sau biyu a shekara masana ke zama su duba abin da aka tara, a Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya, a Satumba domin na kudanci, su zaɓi ƙwayoyin da za a sa a allurar rigakafin hunturu mai zuwa. Dole su yi hasashe da wuri, domin haɗa allurar kan ci kusan wata shida, kuma akasarinta har yau a cikin ƙwan kaza ake renon ta. Ana ɗaukar ƙwai mai ɗan tayi na kwana goma ko kusa da haka, a huda ɓawon, a zuba ƙwayar, a mayar da shi ɗumi kwana biyu zuwa uku, sannan a zuƙe ruwan a tace. Wannan masana'antar ta shekara-shekara ita ce za a juya ta koma yin allurar annoba idan ranar ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya fi nuna amfanin saurin ganewa shi ne Maurice Hilleman, masanin da ke aiki a cibiyar binciken sojan Amurka. A Afrilun 1957 ya karanta a jarida cewa mura ta kwantar da mutane kimanin 250,000 a Hong Kong. Bai jira umarni ba. Ya nemo samfuri ta hannun ɗakin gwajin soja da ke Japan, ya jarraba shi da jinin mutane da dama, ya ga kusan babu mai garkuwa. Ya raba ƙwayar ga kamfanonin magani, har ya tuna da abin da mutumin birni ba zai tuna ba: ya nemi masu kiwo kada su yanka zakarunsu, domin in babu zakara babu ƙwai mai ɗan tayi. A gona ya tashi. An yi allura kusan miliyan 40 a Amurka a wannan annobar.

Saurin kuma yana da nasa haɗarin. A 1976 wata murar aladu ta ɓulla a barikin soja na Fort Dix, soja ɗaya ya mutu, gwamnatin Amurka ta yi wa mutum fiye da miliyan 40 allura. Annobar ba ta zo ba, aka kuma samu wasu ɗaruruwa da suka kamu da wata lalurar jijiyoyi bayan allurar, aka dakatar da shirin. Daga nan aka koyi raba hukunci biyu: a haɗa allura a ajiye abu ne daban, a fara yi wa jama'a kuma abu ne daban da ke jiran ƙarin hujja. Ina ganin ƙimar sana'ar da ke rubuta kuskurenta ta mayar da shi ƙa'ida.

Sauran shirin na cikin rumbuna da takardu ne: ajiyar magani irin Tamiflu, takunkumin fuska, jerin waɗanda za a fara yi wa allura, atisayen da ake tara jami'ai a ɗaki a ce musu ku ɗauka yau an samu mutum goma, me kowa zai yi. Har da tambayar ranar rufe makarantu, wadda darasinta ya fito daga 1918. Birnin Filadalfiya ya bar jerin gwanon mutum kusan 200,000 ranar 28 ga Satumba, cikin 'yan kwanaki asibitoci suka cika. Birnin Sent Luwis ya rufe makarantu da wuraren taro da wuri, mace-macensa a tsakiyar annobar ba su ko kusanci na Filadalfiya ba. A 2009 an ga ribar duk wannan tanadi da kuma iyakarsa. An gano sabuwar murar H1N1 a tsakiyar Afrilu a jikin yara biyu a Kalifoniya, aka raba kayan gwajinta ga ƙasashe cikin makonni, Dakta Chan, wadda a lokacin take shugabancin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ayyana annoba ranar 11 ga Yuni. Amma allura ba ta fara samuwa sosai ba sai wajen Oktoba, ƙasashe masu kuɗi kuma suka riga kowa saye. Indunusiya ta riga ta yi wannan ƙorafin a 2007, lokacin da ta ƙi ba da samfuranta tana cewa ba za ta ba da ƙwaya kyauta a sayar mata da allura da tsada ba. Gaskiyarta ce, kuma ita ta haifar da yarjejeniyar 2011 da ta ɗora wa kamfanoni ware wani kaso domin ƙasashe marasa ƙarfi.

Mu ma muna cikin wannan sarƙar. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da H5N1 karon farko a Afirka, a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna. A wannan watan kuma ta bayyana a Magarya ta Nijar, sannan a Janairun 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ita ke gwada mushen kajinmu, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma yana cikin asibitocin da ke tara samfurin mura domin ɗakin gwaji na ƙasa da ke Abuja. Amma duk ƙwarewar masu farantin nan ba ta da amfani in samfurin bai iso ba. Diyyar farko da aka sa a 2006 naira 250 ce kan kowace kaza, ƙasa da kuɗinta a kasuwa, kuma mai kiwon da ya san zai yi asara in ya kai rahoto, loda sauran kajin zai yi da daddare ya kai kasuwa. Ya kamata gwamnatocinmu su ɗauki diyya mai kyau, wadda ake biya da wuri, a matsayin kayan aikin lafiya daidai da allura.

Kai kuma mai kiwo, da ke uwar gida mai kaji da agwagi a tsakar gida, idan kuka wayi gari kuka tarar sun zube da yawa a dare ɗaya, zankonsu ya yi shuɗi, kawunansu sun kumbura, kada ku yi saurin sa musu wuƙa domin tukunya, kada ku sayar, kada ku bar yara su ɗauka. Ku wanke hannu da sabulu, ku kira malamin dabbobi mafi kusa a ranar.