Tsokaci Kan Jerin Kalmomin Wasan Scrabble a Darasin Harshe: Misali Daga Jos

A watan Nuwamba na 2015, Wellington Jighere ya doke Lewis Mackay na Birtaniya a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya lashe gasar duniya ta wasan Scrabble. Wannan nasara ta bai wa masu son a shigar da wasan cikin darasin harshe hujja mai ƙarfi, wato cewa yaron da ke buga shi zai tara kalmomin Ingilishi masu yawa. Ba mu musanta tarin ba. Abin da muke tambaya shi ne, wane irin sani ne ɗalibi yake samu game da kalmar da ya tara?

Jerin da ake yanke hukunci da shi a gasar, Collins Scrabble Words, ya ƙunshi kalmomi fiye da 279,000 a bugun 2019. Ƙa'idar wasan kuwa ba ta tambayar ma'ana. Muddin kalma tana cikin jerin, ta ci maki. Shi ya sa ɗan wasa ke fara haddace gajerun kalmomi irin su QI da XU da AA da ZA. Ta farko daga falsafar Sin take, ta biyu sunan ƙaramin kuɗin Biyetnam ne, ta uku wani nau'in dutsen aman wuta ne a harshen Hawai, ta huɗu kuma taƙaita sunan abincin nan pizza ce. Da wuya ɗalibin sakandare ya ci karo da ɗayansu a littafin karatu ko a jarrabawar WAEC. A shekarar 2015 ɗin dai, Nigel Richards na New Zealand ya ci gasar duniya ta Faransanci alhali ba ya jin harshen, jerin kalmomin kawai ya haddace. Wannan bajinta ce ta ƙwaƙwalwa, amma ba ita manhajar harshe take nema ba.

Matsalar ta fi fitowa fili a gari irin Jos. Yaro da yawa a can yana tashi da Berom ko Izere ko Ngas a gida, ya yi ciniki da wasa da Hausa a unguwa da kasuwar Taminus, sannan ya shiga aji ya tarar da Ingilishi. Irin wannan ɗalibi ba ƙarancin kalmomi ne ke damunsa ba. Buƙatarsa ita ce ya san iyakar kowace kalma: inda ta dace, inda ba ta dace ba, da wadda take daidai da ita a ɗaya harshen. Kalma kamar bank tana nufin banki, tana kuma nufin gaɓar kogi. A kan allon wasa makinta ɗaya ne, a cikin jimla kuwa rashin bambancewa shi ke kayar da ɗalibi a tambayoyin auna fahimta. Don haka muna ganin duk malamin da zai kawo wasan aji, ya ƙara masa sharaɗin da babu a gasa: kada a rubuta wa ɗalibi maki sai ya faɗi ma'anar kalmar, ya kuma sa ta cikin jimla. Wasan zai yi jinkiri, ba shakka, kuma gwanayen hadda za su yi gunaguni.

Sai kuma batun juya wasan zuwa Hausa, wanda a nan ne muka fi jan hankalin masu tsara manhaja. An raba ƙwayoyin haruffa 100 na wasan ne bisa yawan aukuwarsu a Ingilishi. Harafin E yana da 12, A yana da 9, K kuwa guda ɗaya tak, mai maki 5. A Hausa wasalin a shi ne kan gaba nesa ba kusa ba, k kuma na cikin baƙaƙen da aka fi amfani da su. Akwai Q da V da X waɗanda daidaitacciyar Hausa ba ta da su, babu kuma ɓ da ɗ da ƙ da 'y. Malamin da ya bari a sa K a madadin ƙ ya koyar da cewa kafa da ƙafa abu ɗaya ne, haka baki da baƙi. Wannan kuwa shi ne kuskuren da malamin Hausa a Filato yake fama da shi kullum, domin masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu sukan bar waɗannan sautuka a furuci, daga nan su bar su a rubutu.

Ko an sassaƙa sababbin ƙwayoyi, da sauran rina a kaba. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsayin wasali. Gari na mutane da gari na tuwo siffarsu ɗaya. Haka ɗari na lissafi da ɗarin da ke sa mutanen Jos neman bargo a watan Disamba. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun raba irin waɗannan kalmomi da alamomi, allon wasa kuwa ba shi da wurin yin haka.

Wasan cike gurbin kalmomi, inda ake ba da bayani a nemi kalmar, ya fi kusa da abin da muke so, tunda daga ma'ana yake farawa. Kacici-kacici ma haka yake, kuma yana cikin adabin baka da ake koyarwa tun a firamare. Wanda ya kasa amsa sai ya ba da gari kafin a warware masa, ajin duka kuma ya ji dalilin amsar. Ana iya ɗora kalmomin Ingilishi na zangon karatu a kan wannan tsari: malami ya siffanta abu da Hausa, ɗalibai su nemo sunansa da Ingilishi, mako mai zuwa a juya. Alli da allo sun wadatar, ba sai an sayi akwatin wasa ga kowane rukunin ɗalibai huɗu ba.