Idon Mai Haɗa Launin Ɗaki

A 1824 aka naɗa masanin sinadarai Michel Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Paris, inda ake saƙa dardumomin bango. Masaƙan suka kawo masa ƙara cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya yin baƙi wuluk. Ya gwada zaren, bai sami aibu ba. Ashe laifin na maƙwabci ne: baƙi in ya jeru da shuɗi ko shunayya sai ido ya ga ya dusashe. Littafin da ya fitar a 1839 a kan wannan ya tsaya, cewa kowane launi yana sauya kamannin wanda ke kusa da shi.

A nan gwanintar mai tsara ɗaki take. Kowa na iya shiga kanti ya nuna fentin da ya burge shi, amma gwani sai ya fara duba abin da zai zauna kusa da bangon: labule, kafet, kujeru, har da katakon ƙofa. Ya san ja da kore abokan hamayya ne, haka shuɗi da ruwan goro, haka rawaya da shunayya; in an haɗa su kowane sai ya ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Ka zuba su daidai wa daida a falo, ido ya rasa wurin hutawa, baƙo ya ƙosa ya tashi bai san dalili ba. Shi ya sa masu sana'ar ke rabon sittin, talatin, goma: launi mai sanyi ya ɗauki bango da ƙasa, na biyu ya ɗauki kujeru da labule, mai zafin kuwa a bar shi ga matashin kujera ko tulun fure, kamar yaji a bakin faranti.

Matan da suka ƙware a jeren ɗakin amarya sun san wannan tun zamanin langa da tasa, ba tare da sun ji sunan Chevreul ba. Ka ga uwar jere ta ja da baya, ta ƙura ido, ta ce a sauya wa kwano biyu wuri. Lissafin ke nan.

Sai haske, wanda shi ne ya fi ba da wuya. Ruwan madara da ya yi kyau da hantsi a ɗakin da tagarsa ke kallon gabas yana iya komawa kamar tsohuwar takarda in an kunna farin ƙwan lantarki da dare. Ja da ruwan goro sukan sa bango ya matso, ɗaki ya yi ɗumi, hira ta yi daɗi. Shuɗi mai haske da kore sukan tura shi baya, ƙaramin ɗaki ya sami sarari. Don haka gwani yakan shafa fentin gwaji a bango, ya dube shi da safe, da la'asar, da bayan isha'i, kafin ya yarda a sayi bokiti.

Ni dai ba na gaskata masu raba wa kowane launi halinsa kamar hatimi. A 1979 an shafe wani ɗakin tsare sojojin ruwa a Seattle ta Amurka da ruwan hoda, aka ce yana kwantar da masu tada hankali. Binciken da aka sake daga baya bai tabbatar da hakan ba. Fari da muke ɗauka alamar tsabta, a Sin launin makoki ne, ja kuma na biki. Gwani na gaske sai ya zauna da mai gida ya tambaye shi: wa zai kwana a ɗakin, ƙarfe nawa yake tashi, akwai yara masu shafa hannu a bango?