Tilo da Jam'i a Darasin Ingilishi: Sharhi a kan Tsarin Littattafan Makaranta

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala sharhi ce a kan yadda akasarin littattafan nahawun Ingilishi na firamare da sakandare suke gabatar da babin tilo da jam'i ga yaron da Hausa ce harshensa na farko. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Sukan fara da ƙa'idar liƙa -s ko -es a ƙarshen suna, sa'an nan su jero sunayen da suka saɓa wa ƙa'idar, kamar man/men, foot/feet da child/children, a ce wa ɗalibi ya haddace. Abin da za a nuna shi ne, wannan tsari ya ba da ƙarfi ga sigar jam'i, alhali kuwa tuntuɓen Bahaushe ya fi yawa a wajen sanin lokacin da ake amfani da ita.

2.0 Sigar jam'i

Hausa ta fi Ingilishi yawan hanyoyin gina jam'i nesa ba kusa ba. Paul Newman, a cikin nahawunsa na Hausa na shekarar 2000, ya kasa su cikin manyan rukunoni fiye da goma. Kafin yaro ya shiga aji ɗaya ya riga ya iya gida/gidaje, tasha/tashoshi, kare/karnuka, doki/dawaki da sa/shanu. Wanda ya saba da wannan, 'yan kalmomin Ingilishi masu saɓa wa ƙa'ida ba za su daɗe suna ba shi wuya ba. Saboda haka shafukan da ake kashe musu sun fi ƙarfin matsalarsu.

3.0 Wuraren da aka yi wa riƙon sakainar kashi

Na farko, suna tare da adadi. A Hausa daidai ne a ce "shekara goma", "buhu biyar", "kwana uku", domin adadin ya wadatar wajen nuna yawa. Ingilishi kuwa ya wajabta alamar jam'i ko da an ambaci adadi. Daga nan "ten year" da "five bag" suke fitowa. Littattafan ba su cika faɗar wannan ƙa'ida ba, don marubutansu sun ɗauke ta abin da kowa ya sani.

Na biyu, sunaye marasa ƙirguwa. Bahaushe yana da shawara/shawarwari, bayani/bayanai, kaya/kayayyaki. Takwarorinsu na Ingilishi, wato advice, information, furniture da luggage, ba su karɓar -s a daidaitaccen harshe. Idan ana son ƙirga su sai a nemi wata kalma, kamar "a piece of advice". Littattafan sukan kawo misali da water da sand kawai, waɗanda rashin ƙirguwarsu a fili yake, su bar waɗannan da suke kā da ɗalibi.

Na uku, inda harsunan biyu suka saɓa wajen kallon abu guda. Wando da almakashi da tabarau tilo ne a Hausa, amma trousers da scissors da glasses jam'i ne. Kalmar news kuma, duk da -s ɗin da ke ƙarshenta, tana ɗaukar aikatau na tilo, ita kuwa police tana ɗaukar na jam'i.

Na huɗu, furuci. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa bench ta koma benci. Kalmar desks tana ƙarewa da baƙaƙe uku, texts da huɗu. Ɗalibi yakan yar da na ƙarshe a baki, wanda shi ne alamar jam'in, daga baya ya yar da shi a rubuce. Raba darasin furuci da na nahawu shi ke ɓoye wannan dangantaka.

4.0 Iyakar kwatance

Robert Lado, a shekarar 1957, ya ƙarfafa ra'ayin cewa kwatanta harshen ɗalibi da wanda yake koyo yana hasko wuraren da zai sha wuya. Misalan da suka gabata suna goyon bayansa. Amma S. Pit Corder, a 1967, ya jawo hankali ga cewa kurakuran ɗalibi shaida ce ta ƙa'idar da yake ginawa da kansa. Wannan ma gaskiya ne a nan, domin ana jin "furnitures" da "equipments" a bakin Yarabawa da Ibo, har da mutanen Indiya. Wato wani ɓangare na kuskuren daga faɗaɗa ƙa'idar -s yake, wadda littattafan da kansu suka nanata ba tare da shata mata iyaka ba.

5.0 Kammalawa

Ya kamata marubuta su fara wannan babi da bambancin sunaye masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa, kafin jerin haddar. Ya kamata kuma kowane sabon suna ya zo cikin jimla, tare da adadi ko aikatau da zai bayyana matsayinsa. Malamin da ya san nahawun Hausa shi ya fi cancanta ya yi wannan gyara, kuma a nan ne sassan Hausa da na Ingilishi a kwalejojin ilimi suke da aikin da za su haɗa hannu a kai. Muddin ba a yi haka ba, ɗalibi zai haddace oxen da geese, amma ya ci gaba da asarar maki a kan advices a takardar jarrabawar WAEC.