Fuska, Murya da Ƙidaya: Sharhi a Kan Musun Fifiko Tsakanin Taurarin Indiya

Gabatarwa

Tun daga shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwa mutanen Labanan suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa, musun wane ne gwani na gwanaye bai taɓa mutuwa a majalisun Kano ba. Mu da muka yi samartaka a shekarun 1970 muna shiga Plaza da Orion da Eldorado, mun gaji wannan musu, har aka laƙaba wa 'yan wasan sunaye na Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, daga baya Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. A can Indiya ma ana yin musun, sai dai nasu ya fi namu faɗi, domin sukan jera mutum uku daga sana'o'i uku: Amitabh Bachchan a fim, Lata Mangeshkar a waƙa, da Sachin Tendulkar a wasan kurket. Wannan maƙala za ta duba mudun da ake auna kowannensu da shi, sannan ta nuna inda namu awon ya yi tawaya.

Mudun Ƙidaya

Ɗan wasan motsa jiki shi ne ya fi sauƙin aunawa, saboda aikinsa a rubuce yake. Tendulkar ya fara buga wa ƙasarsa wasa a 1989, yana ɗan shekara 16, a karawa da Pakistan a birnin Karachi, bai kuma ajiye sandarsa ba sai a watan Nuwamba na 2013. A tsakanin nan ya buga manyan wasanni irin na kwana biyar har guda 200, inda ya tara maki 15,921. Sau 100 yana cin maki ɗari ko fiye a wasannin ƙasa da ƙasa, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauko wa Indiya kofin duniya a 2011.

To amma ƙidaya tana da rauni biyu. Na farko, abin da aka ƙirga ana iya zarce shi. Tendulkar ya ci maki ɗari sau 49 a wasannin yini guda, sai ga Virat Kohli ya cika 50 a 2023. Idan adadi shi ne girma, ke nan girman Tendulkar ya ragu a ranar, alhali babu mai hankalin da zai yarda da haka. Na biyu, ƙidaya tana bin zamani. Dhyan Chand, gwanin ƙwallon gora, ya ci lambar zinariya sau uku a wasannin Olamfik, a 1928 da 1932 da 1936, kuma a wasan ƙarshe na birnin Balin Indiya ta lallasa Jamus da ci 8 da 1. Sai dai ya yi zamaninsa ƙasar tana hannun Turawan Ingila, babu talabijin, babu kuɗin talla. Da gwamnati ta ba Tendulkar Bharat Ratna a 2014, wato lambar girma mafi daraja da ake bai wa farar hula a ƙasar, ya zama ɗan wasa na farko da ya samu, Indiyawa da yawa sun yi ƙorafin cewa an tsallake dattijo an ba yaro.

Mudun Fuska

Shi Amitabh Bachchan ba a auna shi da yawan finafinai. Abin da ya ɗaga shi shi ne dacewa da lokaci. Finafinan Zanjeer na 1973 da Deewaar na 1975 sun fito ne sa'ad da matasan Indiya suke fama da rashin aiki da tsadar rayuwa, suna ganin hukuma ta gaza. Sai ga dogon saurayi mai kakkausar murya, wanda ba ya jiran alƙali kafin ya ƙwaci haƙƙinsa. Sholay, shi ma na 1975, ya shafe sama da shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. Da ya ji mummunan rauni a 1982 wajen ɗaukar fim ɗin Coolie, jama'a sun yi ta addu'o'i a masallatai da sauran wuraren ibada kamar ɗan gidansu ne yake kwance. Haka kuma bayan kamfaninsa ya durƙushe da bashi a ƙarshen shekarun 1990, ya sake miƙewa a 2000 ta hanyar wani shirin kacici-kacici na talabijin. Wannan juriya abin yabo ce.

Duk da haka, dole mai sharhi ya faɗi gaskiya: ɗan wasan fim rumbu ne da hannaye da yawa suka cika. Wannan fusataccen saurayi da muka so, marubuta biyu ne suka ƙaga shi, Salim Khan da Javed Akhtar, kuma su suka rubuta dukkan finafinai ukun da aka ambata da farko. Mafi yawan waƙoƙin da muka ga yana motsa baki a kansu, Kishore Kumar ne da ire-irensa suka rera. Mu 'yan kallo sai muka tattara ladan marubuci da na mawaƙi muka ɗora wa fuskar da ke kan majigi.

Mudun Murya

A nan ne awon namu ya fi karkacewa. Mutum nawa ne cikin waɗanda suka haddace waƙoƙin Mother India na 1957 suka san cewa ba Nargis ce take rerawa ba? Al'adar finafinan Indiya ita ce mawaƙi ya rera a ɗakin naɗar sauti, ɗan wasa ya hau kai. Lata Mangeshkar, wadda aka haifa a 1929, ta shiga sana'ar tana yarinya bayan rasuwar mahaifinta a 1942, domin ta ciyar da ƙannenta. A wancan lokaci ba a damu da sunan mai rerawa ba. Waƙar da ta fito da ita a fim ɗin Mahal na 1949, a jikin faifan sunan matar da ke cikin labarin aka rubuta, sai da masu sauraren rediyo suka matsa da tambaya kafin a bayyana mai muryar.

Daga nan muryarta ta ratsa zuriya bayan zuriya. Ta rera wa Madhubala da Nargis, ta rera wa Hema Malini, ta rera wa Kajol a 1995, ta kuma rera wa Preity Zinta a 2004 tana da shekara 75 a duniya. Fuskoki sun tsufa an sauya su, muryar tana nan. Bugu da ƙari, ba rerawa kaɗai ta yi ba, ta gyara wa 'yan bayanta sana'ar. Ta yi tsayin daka sai an riƙa ba mawaƙan fim lambar yabo ta kansu, ta kuma nemi a riƙa ba su kaso daga cinikin faifai. A kan wannan batu ne suka ɓata da Mohammed Rafi a shekarun 1960, har suka yi shekaru ba su haɗa waƙa ba. An ba ta Bharat Ratna a 2001, kuma da ta rasu ranar 6 ga Fabrairu, 2022, ƙasar ta yi zaman makoki na kwana biyu.

Abin lura shi ne, da aka gwada auna ta da mudun 'yan wasa, awon ya ƙi. Kundin Guinness ya taɓa rubuta cewa ta rera waƙoƙi aƙalla 25,000, Rafi ya ƙalubalanci adadin, daga baya masu kundin suka cire maganar. Cirewar ba ta rage ta da komai ba, domin tun asali ba a adadi darajarta take ba.

Kammalawa

Ra'ayin marubucin wannan maƙala shi ne, ba a auna hatsi da zane da mudu ɗaya. Amma akwai tambaya guda da ta shafi sana'o'in uku: wa ya bar sana'arsa a hali mafi kyau fiye da yadda ya same ta? A wannan ma'auni Lata ce a gaba. Tendulkar ya tarar da kurket da daraja ya ƙara masa, Bachchan ya tarar da fim da taurari ya zarce su, ita kuwa ta tarar da mawaƙin fim ba shi da ko suna a jikin faifai, ta bar shi da suna da lada.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne a gare mu. Shago ya yi dambe ya kayar da maza, amma da ba don bakin Ɗan Anace ba, da wuya jikokinmu su san sunansa. Finafinan Hausa kuma sun ari tsarin hawa waƙa daga Indiya. Don haka ya kamata malamai, idan suna yi wa ɗalibai bayanin fasaha, su koya musu tambayar wa ya rubuta, wa ya rera, kafin su yanke hukuncin wa ya fi. Allah ya sa mu zama masu ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, amin.