Tukunyar Matar Kanar da Zakaran da Ya Ƙi Zama Rago

Littafin Gabriel García Márquez, ɗan Kolombiya, mai suna El coronel no tiene quien le escriba ya fito a 1961. Ma'anar sunan ita ce Kanar ba shi da mai rubuto masa. Ɗan siriri ne, ana iya gama shi tsakanin La'asar da Isha'i. Amma da muka zauna a nan Tudun Jukun muna gwada juya shi daga Sifaniyanci zuwa Hausa, sai muka ga manyan kalmomi ba su ne matsala ba. Kayan yau da kullum ne ke tsayar da alƙalami.

Labarin bai da yawa. Tsohon soja ne mai shekara 75, ya shafe shekara 15 yana jiran takardar fansho. Duk Juma'a sai ya tafi bakin kogi ya tarbi jirgin ruwan da ke kawo wasiƙu, ya komo hannu rabbana. Matarsa na fama da asma. An harbe ɗansu Agustín saboda raba takardun adawa a ɓoye, ya bar musu zakaran faɗa.

Wannan jiran ba ya bukatar dogon bayani a Zariya, garin tsofaffin ma'aikatan reluwe da malaman makaranta masu yawo da fayil a hammata. Akwai ma inda Hausa ta fi Turanci kama zuciyar littafin. Matar Kanar takan ɗora tukunya da duwatsu a ciki don kada maƙwabta su gane an kwana biyu ba a girki. Bature sai ya yi ta kewaye-kewaye da batun mutunci da girman kai. Mu kuwa kalma biyu sun ishe mu: rufin asiri. Duk matar da ta taɓa hura wuta a tsakar gidan haya ta san ana karanta hayaƙi kamar jarida.

Zakaran ne ya ƙi ba mu haɗin kai. A can, faɗan zakaru sana'a ce mai fili da 'yan caca da ranakunta, duk gari sun zuba ido a kan wannan tsuntsu. A wajenmu zakara na asuba ne da tukunyar baƙo. Shi ya sa hannu ke ƙaiƙayin bin sawun Abubakar Imam, wanda ya yi aikinsa a nan Zariya, ya ɗauko labaran Larabawa da na Turawa ya sa musu riga da hula a Magana Jari Ce har suka zama 'yan gida. A mai da zakaran ragon layya mana, kowa ya huta.

Ba mu yarda ba. Rago dukiya ce, wanda ya ƙi sayar da shi yana da hujjar da kowa zai karɓa. Zakaran Kanar kuwa masarar da ya kamata su ci yake cinyewa, kuma a filin faɗan zakaru aka kashe ɗan. Riƙe shi taurin kai ne da ya haɗu da makoki da siyasa. In aka sauya dabbar, an mai da Kanar mai lissafi, alhali rashin lissafinsa ne ya sa muke jin sa.

Haka kalmar compadre, da ke tsakaninsa da attajiri Don Sabas. Dangantaka ce ta uba da wanda ya tsaya wa ɗansa a coci. "Amini" ya yi laushi, "kawu" ya kauce. Sai an san nauyinta sannan za a ji zafin yadda Sabas ya ambaci peso 900 a kan zakaran, daga baya ya sauko 400.

Saura kalmar ƙarshe. Matar ta cakumi Kanar tana tambayar abin da za su ci, ya amsa da kalma guda ta ƙazanta. Kunya za ta ce a sassauta. Mu dai mun bar ta yadda take, domin tun shafin farko mutumin nan ke haɗiye magana, kuma a nan kaɗai ya furzar.