Jinjina ga Masu Sanyaya Kwamfuta

Idan zafin Afrilu ya haura digiri 40 a Kano, nan ake gane gwanin haɗa kwamfuta. Na ga wani ya goge busasshen man da ke kan firosesa, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya ɗaure fanka a hankali, kusurwa bayan kusurwa. Ya san yawancin firosesan Ryzen 7000 na jure digiri 95, yawancin na Intel kuma sai wajen 100 suke rage gudu don kare kansu, amma bai saki jiki ba. Sai da ya hure ƙurar hunturun da ta toshe hanyar iska, ya sake gwadawa. Jama'a, irin waɗannan a riƙa biyansu haƙƙinsu cikakke.